Burodin Ƙofar Arewa

Ranar wata Laraba abin ya fara, a ƙarshen watan Fabrairu, ana irin ruwan nan da ya kasa yanke shawara ko ruwa ne shi ko ƙanƙara. Iska na gangarowa daga kan tudu tana jijjiga ƙyauren Clifford Raistrick. Shi kuwa yana zaune a kicin da kwat a jikinsa, ya rungume kofin shayi don ɗumin hannu, sai ya ji tsayuwar motar ƙanwarsa Glenda. Kafin ta kashe injin har ya miƙe ya kunna hita, ya tuɓe kwat ɗin ya rataya a bayan ƙofa, ya koma ya zauna kamar wanda tun safe yake cikin ɗumi.

Ta banko ƙofa da lema na ɗiga, ga wani ƙaton fayil a hammata.

"Cliff ɗinmu, wannan gida ne ko firji?"

"Yanzu na rufe taga. Hayaƙi ne ya yi yawa."

"Hayaƙin me? Kai da ba ka dafa komai sai ruwan zafi. Matsa min kujera, kuma gasa min burodi, tun safe ban sa komai a bakina ba."

Ya yanka mata biyu masu kauri, ya yanka wa kansa ɗaya siriri.

Glenda ta bar ƙauyen Skelderby tun tana budurwa, ta tafi Leeds ta yi rayuwarta a ofishin kamfanin bas, tana tsawata wa direbobi ta waya. Da mijinta ya rasu ta tattaro ta dawo gida, ta rasa wanda za ta tsawata wa, sai ta shiga ƙungiyar binciken tarihin ƙauyen. Ba a yi nisa ba ƙungiyar ta koma hannunta. Duk Laraba tana ofishin adana tsofaffin takardu na gunduma, tana karanta yadda aka riƙa ciyar da matalauta a zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma duk Laraba da fushi take dawowa, kamar jiya aka yi abin.

"Ka san sai mutum ya tsaya gaban kwamiti, maza tara masu tumbi, su tambaye shi kujera nawa gare shi a gida? In biyu ce su ce ya sayar da ɗaya tukuna. Sannan a manna sunansa a ƙofar coci kowa ya karanta. Har kakar kakarmu na gani yau, Hannah. An ba ta takalmi, aka rubuta a gefe wai bakinta ba ya shiru."

"To, an gano inda kika gado."

Ta jefe shi da ɓawon burodi. Sannan ta buɗe fayil ɗin, idonta na ƙyalli, shi kuwa ya san wannan ƙyallin tun tana yarinya, bai taɓa ƙarewa lafiya ba.

"Na samo wasiyyar Uwargida Lavinia Crake ta Gidan Askergill. Ita ta bar dukiya a riƙa ajiye burodi a coci duk Juma'a. Cliff, har yau ana yi! Duk gundumar nan babu inda ya saura sai mu. Na yi magana da Piers, manajan Askergill. Daga bikin Ista, duk Juma'a zan kwaso baƙin da suka zo kallon gidan in kawo su coci su gani da idonsu."

Clifford ya ajiye kofinsa a hankali.

"Ki kawo mutane. Ranar Juma'a."

"Wa zai cutu? Kajin Beryl ne ke cinyewa, kowa ya sani."

Kowa kam ya sani, don haka ake faɗa. Duk Juma'a da safe motar gidan burodi kan sauke guda shida, Beryl Tordoff mai kula da cocin ta jera su a kan wata tsohuwar kanta ta katako da ke cikin ƙofar arewa, ta bar ƙofar ba sakata, ta tafi gida abinta. Lungun da ke bayan cocin kuwa, ba mai bi da karensa ta nan a safiyar Juma'a. Gidaje ukun da ke kallonsa ba sa ɗaga labule sai rana ta yi tsaka. In baƙo ya tambayi inda burodin ke zuwa, amsa ɗaya ce daga mai gidan giya har yaran makaranta: kajin Beryl. Kajin nan uku ne rak, kuma ba su fi na kowa ƙiba ba, amma Glenda ba ta taɓa leƙa su ba. Ta bar gari kafin ta kai shekarun da ake gane irin wannan, ta dawo bayan kowa ya ɗauka ta gane.

Clifford yana ɗaukar guda ɗaya tun hunturun da matarsa ta rasu. Ya yi rayuwarsa yana gina katangar dutse a gonakin mutane, wadda ake jerawa ba siminti, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Fanshon da ya rage masa, rufin gida da man hita suna lashe shi kafin ya kai kasuwa. Ya san ba shi kaɗai ba ne. Ya san tarin wani, ya san sawun sandar wata a cikin taɓo, amma bai taɓa haɗa su da suna ba ko a ransa. In biyu suka yi kiciɓis a lungun, ɗaya kan tsaya ya duƙufa karanta dutsen wani kabari har ɗayan ya wuce. Akwai wani mamaci mai suna Yusha'u Peacock da Clifford ya haddace ranar haihuwarsa da ta mutuwarsa saboda haka.

Ya dubi ƙanwarsa tana shafa bota a yanka na biyu na burodin Uwargida Lavinia, tana yaba laushinsa.

Ba kunyar talaucin ce ta fi damunsa ba. Glenda ce. Ranar da ta sani, a ranar za ta cika masa firji, ta kira ofishin jin daɗin tsofaffi, ta kwashe shi zuwa ɗakin baƙinta mai labule ruwan hoda, ta riƙa yi masa magana a hankali kamar marar lafiya. Shi da ya goya ta a wuya suka tsallake rafi zuwa makaranta. Shi da ya kai ta tashar jirgi ranar da za ta tafi Leeds, ya ce kada ta waiwayo. Ya fi son tsawarta da jifanta da ɓawon burodi. Wannan yake tsoron rasawa.

Duk Asabar takan ɗauke shi su tafi kallon wani tsohon gidan masu hannu da shuni, don katinta na shiga irin gidajen na mutum biyu ne kuma ta ce ba za ta bar rabi ya tafi a banza ba. Yakan yi gunaguni a mota, amma yana son tafiyar. Gidajen da ɗumi, kuma a ƙarshe akwai miya mai zafi da kek. Ita tana bin hotunan iyayen gida tana faɗa musu baƙar magana ƙasa-ƙasa, shi yana leƙen taga yana duba katangun gona, yana cewa wannan wanda ya jera shi maye yake.

Asabar ɗin da ta biyo baya Askergill ɗin suka je. A kicin ɗin ƙasa akwai masu aikin sa kai sanye da kayan mutanen da, wata ta yi shigar kuku, wani ya shafa baƙin gawayi a fuska wai shi mai share bututun hayaƙi ne. Baƙi na ta ɗaukar su hoto. Clifford ya gane mai gawayin, tsohon likitan haƙori ne.

Da suka zauna shan miya ya gwada sa'arsa.

"Glen, ki bar zancen burodin nan mana."

"Don me?"

"Cocin da sanyi. Tsofaffi za ki kwaso, wani ya kama mura ya mutu a wuyanki."

"Su sa kwat."

"Matakalar ƙofar tana da santsi."

"Ta ƙofar kudu za mu shiga. Kai wai me ke damunka? Tun muna yara in na ce zan yi abu sai ka samo dalili goma."

"Kuma tara daga ciki sukan zama gaskiya."

"Ɗaya. Na keken nan kawai." Ta tura masa rabin kek ɗinta. "Ci, ka rame kamar sandar shinge. Ni fa so nake mutane su ga cewa a cikin duk wulaƙancin nan an sami mace ɗaya da ta ce a bayar ba tare da tambaya ba. A wasiyyar ta rubuta kada a tsaya kallon mai ɗauka. Ka ji fa! A wancan zamanin!"

"To ke kuma za ki kawo mota guda su kalla."

"Su kalli kanta, Cliff. Kanta da burodi. Ai babu mai ɗauka yanzu."

Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Ya dubi hannunta da ke kan tebur, ya ga ya tsufa kamar na mahaifiyarsu, ya haɗiye ta da kek.

Ranar Litinin ya sami Beryl Tordoff tana canza ruwan furanni a coci. Shekara da shekaru sun san juna, kuma a iya abin da ya taɓa fitowa daga bakinta, ba ta san yana bin lungun baya ba.

"Beryl, kin ji abin da ƙanwata ke shiryawa?"

"Na ji. Na ce mata kajina ba sa son hayaniya. Ta ce ai ba kajin za a kalla ba."

"Ba za ki iya gaya mata ba?"

"In gaya mata me, Clifford?" Ta ci gaba da yanke gindin fure, ba ta ɗago ba. "In na ce mata akwai masu zuwa, kafin la'asar ta fito da biro tana neman sunaye don ta taimaka. Ka san ta."

"Na san ta."

"Ƙarfe sha ɗaya ta ce za su riƙa zuwa. Na roƙi mai mota ya riƙa sauke min da wuri. In da akwai wanda abin ya shafa, ban ce akwai ba, da sai ya zo kafin tara da rabi. Zan ɓoye biyu in jera mata su yi kallo."

"In da akwai, ai da ya gode."

"Da ya kyauta."

Yadda maganar ta zagaya ƙauyen ba wanda zai iya cewa, don ba wanda ya faɗa wa wani. Amma ta zagaya.

Juma'ar bayan Ista ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana biyu ana yi ba hutu. Clifford ya tashi ya sa tsohon kwat ɗinsa na aiki, ya ɗaure ƙafafun wandonsa da igiya a ƙasan gwiwa don kada ciyawa ta jiƙa su, ya yafa buhu a kafaɗa yadda mahaifinsa ke yi in ana ruwa, don har yau bai ga rigar ruwan da ta kai buhu ba. Ya ja hula, ya cusa jakar yadinsa a aljihu, ya bi ta gona.

Abin da bai sani ba, rafi ya fara taɓa gada. Direban doguwar bas ɗin da ta kawo baƙi ya ce shi ba zai kai tsakar rana a wannan kwarin ba, sai Piers ya juya tsarin: coci tukuna, Gidan Askergill daga baya. Bas ɗin na tsaye a gaban gidan giya, inda ba a hango ta daga gona. Beryl ta jera burodinta ta tafi gida kamar kullum. Glenda kuwa ta shigo da mutanenta ta ƙofar kudu, ta ba su labarin kwamiti da kujeru da sunayen da ake mannawa, har muryarta ta fara rawa, sannan ta ce kowa ya sunkuyar da kai a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da waɗanda suka taɓa shigowa ta waccan ƙofar da yunwa.

A cikin wannan shirun Clifford ya tura ƙofar arewa.

Daga haske ya shigo duhu, ruwa na zuba daga bakin hularsa, bai ga komai ba sai kantar da ƙafarsa ta sani. Ya zaro jaka, ya miƙa hannu, ya ɗauki na gefen hagu yadda ya saba. Sai ya ji wani ya ja numfashi. Ya juya. Mutane sun fi talatin tsaye tsakanin bencina, cikin rigunan ruwa ja da shuɗi, duk sun zuba masa ido.

Wata mata ce ta fara tafi. Sauran suka ɗauka, cocin ya amsa.

"Kai, ku dube shi! Har da buhu!"

"Wannan ɗan wasan ya iya da gaske. Dubi igiyar ƙafarsa!"

"Yadda ya rame ɗin nan, a ina suka samo shi?"

Wayoyi suka tashi sama. Piers, dogon saurayi mai gyale a wuya, ya kama hannun Glenda yana murna. "Misis Horsfall, ashe da abin da kika ɓoye mana! Daidai kan shirun kuwa! Waye shi?"

Clifford bai ga Piers ba, bai ga wayoyin ba. Glenda yake kallo. Da fari bakinta ya buɗe kamar za ta yi dariya, ta ce Cliff me kake yi haka. Sai idonta ya sauka kan jakar. Ta san jakar nan, a bayan ƙofar kicin ɗinsa take rataye. Ta san siffar burodin, mai tsaga ɗaya a bisa, wanda ba a sayar da irinsa a kantin ƙauyen. Ya ga lokacin da abin ya isa gare ta, fuskarta ta yi fari fat, fayil ɗin ya zame ta tare shi da ƙirji.

Hanya biyu ce gare shi, ko ya ajiye ya gudu kowa ya gane, ko ya ba su abin da suke zato. Gwiwarsa ba ta gudu. Ya cire hula, ya riƙe ta a ƙirji, ya rusuna.

"Allah Ya jiƙan Uwargida," ya ce, da muryar kakansa. "Allah Ya ƙara wa masu gida."

Aka sake tafi. Wata dattijuwa mai gashi kamar auduga ta matso tana murmushi.

"Bawan Allah, da me kuke cin sa a gida?"

"Da abin da ya samu, ranki ya daɗe. In bai samu ba, da shayi."

"Yara nawa gare ka?"

"Ƙanwa ɗaya ce, amma cinta ya kai na yara biyar."

Dariya ta ɓarke. Wani mai kyamara ya ce ya ɗan ɗaga burodin sama, ya juyo wajen haske. Clifford ya fara ɗagawa, kuma ya san nan da kaɗan za su gane ba wasa yake yi ba.

Sai Glenda ta shiga tsakani. Ba doguwa ba ce, amma ta buɗe lemarta a cikin coci, abin da ba a yi, ta tare shi da ita ɗungurungum. Muryar da ta fito daga bakinta ita ce wadda ta yi shekaru tana tsayar da direbobin Leeds.

"A sauke wayoyi. Ba a ɗaukar hoto a wannan cocin, laifina ne ban faɗa ba tun farko. Duk wanda ya ɗauka ya goge yanzu ina kallo. Kai mai jar riga, na gan ka. Goge. Madalla. Yanzu kowa ya biyo ni ta ƙofar kudu, za mu je kabarin Uwargida Lavinia."

"A cikin wannan ruwan?" in ji Piers.

"Ita shekara nawa ta yi a cikinsa? Mu je."

Ta kora su kamar tumaki, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Da ƙofar ta rufu, Clifford ya zauna a benci na ƙarshe har numfashinsa ya dawo. Ya dubi burodin. Ya yi tunanin mayar da shi kan kanta. Sannan ya sa shi a jaka, don yunwar ba ta san an yi wasan kwaikwayo ba, ya fita ta inda ya shigo. Sai da ya kai tsakiyar gona ruwa na dukan kansa ya tuna hular na can kan benci. Bai koma ba.

Da la'asar ya ji motarta. Wannan karon bai tashi ba, kwat ɗinsa na jikinsa. Ta shigo ba ta banko ƙofa ba, kuma wannan ya fi komai ba shi tsoro. Gashinta ya manne a kai, takalmanta cike da taɓo. Ta tsaya tana kallon kicin ɗin kamar yau ta fara shigarsa. Ta kai hannu kan hita, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta nufi firji.

"Kada ki buɗe."

Ta janye hannunta. Ta zauna.

"Cliff," ta ce, a hankali, da taushi.

"Ga ta nan. Wannan muryar. Ita nake gudu. In da ita kika zo, ki koma."

Can sai ta buga tebur har cokali ya yi tsalle.

"Kai dai tsohon jaki ne! Ka zauna kana kallona ina cinye maka burodi duk Laraba, yanka biyu-biyu, har ina cewa a ƙara bota! Ka bar ni na tsaya gaban mutane ina kuka a kan matattu, yayana na bayan ƙofa da buhu!"

"Yawwa. Haka ya fi."

"Kada ka ce min ya fi! Wata biyu ina surutu a kan wasiyyar da ta ce kada a kalla, ban ji abin da nake faɗa ba. Kai kuma sai santsin matakala da mura!" Ta zaro hankici ta fyace hanci da ƙarfi. "Su waye sauran?"

"Ban sani ba."

"Cliff."

"Ban sani ba, Glen. Ba wanda ya sani. Ba a sani. Haka abin yake, shi ya sa ya kai yau. Ranar da aka sani, ya zama kwamitin nan naki mai tumbi."

Ya ga biron da ke cikin kanta yana neman fitowa, ya ga ta mayar da shi da ƙyar.

"Akwai ɗaki a gidana," ta ce.

"Mai labule ruwan hoda. In na mutu ki shimfiɗe ni a ciki, kafin nan a'a."

"To man hita. Zan sa a cika maka tanki."

"A'a."

"Wallahi kai ba a iya maka." Ta leƙa taga, ta daɗe tana kallon ruwan. "Katangar bayan gidana ta zube tun kaka. Wani ya zo ya ce zai shafa mata siminti."

"Siminti?" Ya gyara zama. "A katangar Skelderby? Waye wannan ɗan iskan?"

"Ban da wani zaɓi. Sai dai in akwai wanda zai zo duk Lahadi ya zauna a kujera yana nuna min dutsen da zan ɗauka. Ba na biyan kuɗi. Abinci nake bayarwa, nama da dankali, kuma mai aiki kan tafi da ragowar don ni ba na cin abincin da ya kwana."

"Tun yaushe?"

"Tun yau."

Ya san katangar. Gajeriya ce, mai lafiya zai gama ta a mako guda. Ya kuma san Glenda da dutse, za su kai baɗi suna yi.

"Hannunki bai iya komai ba," ya ce. "Za ki sha zagi."

"Na saba. Juma'a kuma?"

"Juma'a ba ruwanki."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ji daɗi ba, amma ta gyaɗa.

"To tashi ka sa ruwan shayi, sanyi zai kashe ni a gidan nan. Kuma yanka ɗaya za ka yi min, siriri."

Ya yanka mata mai kauri. Ta zage shi, ta cinye.

Washegari ta je Askergill ta ce wa Piers an daina zuwa coci, kuma ba za ta faɗi dalili ba. Ya nuna mata takardun talla da ya riga ya buga, ya roƙe ta ko lambar dattijon nan mai buhu ta ba shi, don baƙi sun yi ta tambaya. Ta ce ya bar gari. Maganar ta yi zafi, ta cire katin shaidar aikinta ta ajiye masa a tebur.

Ga abin da aka rasa. Burodi biyar na ranar, da suka kwana a coci suka bushe, don duk wanda ya leƙo lungun ya ji hayaniya ya juya. Mutum biyu daga masu zuwa, waɗanda ba su sake zuwa ba. Beryl ta gane ne daga abin da ke raguwa, kuma babu hanyar aika musu cewa an daina. Aikin Glenda a Askergill. Babi guda na littafin da take rubutawa, shafi goma sha ɗaya, wanda ta sa a murhu da hannunta. Lema ɗaya da iska ta karya a kan kabarin Uwargida Lavinia. Da hular Clifford, wadda ba a gani ba ko da Beryl ta duba ƙarƙashin bencina.